Wata Bakwai a Kan Faifan Duwatsu

Aikina na farko bayan na gama difloma a wani laburaren jami'a ne a Samaru, kuma ba wajen littattafai aka ajiye ni ba. Wani ɗan ɗaki aka kai ni can ƙarshen baranda, mai kwamfuta huɗu, biyu na aiki, biyu an lulluɓe su da leda ana jiran mai gyara da bai taɓa zuwa ba. Lokacin ne wayar salula ta fara shiga hannun mutane. Intanet kuwa, sai ka hau acaɓa ka je kafe, ka zauna kana kallon allo yana ta tunani har awarka ta ƙare. Mu abin taƙamarmu faifan kwamfuta ne. Kowane faifai rumbun bayanai ne: sunayen maƙalun da masana suka buga a mujallu, da wanda ya rubuta, da shekarar, da ɗan taƙaitaccen bayanin abin da ke ciki. Ba ya ba ka maƙalar kanta, yana dai nuna maka inda za ka same ta.

Faya-fayan suna cikin durowar tebur, makulli a hannuna. Ogan ɗakin, wanda ya koya mini aikin, ya manna wa akwatin kowane faifai farar takarda: na noma, na likitanci, na injiniya, na ilimin duwatsu. Ranar farko ya gaya mini ƙa'ida. Mutum ya shigo, ki karɓi katinsa, ki duba sashensa, ki sa masa faifansu, rabin awa ya tashi. "Ban da dogon labari," in ji shi, "kin dai ga layi a waje." Kuma da gaskiyarsa, akwai layi. Ni ko a lokacin shekarata ashirin da huɗu, kaina na hayaƙi, gani nake kamar ni na ƙera kwamfutar. Dakta guda zai tsaya a bayana yana cewa "Malama, taimaka," ina za a ce ba zan ji kaina ba?

'Yan sashen labarin ƙasa ba su da faifan kansu. Abin da na tarar ana yi shi ne a ba su na duwatsu, tunda tsangayarsu ɗaya. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka haka Allah ya tsara.

Wata Talata da rana wani dattijo ya shigo, dogo, kansa duk furfura, da riga mai gajeren hannu da ta sha guga, ga farin alli a gefen wandonsa. Ya tsaya bakin ƙofa sai da na ɗago.

"Barka da aiki, 'yata."

"Barka kadai, Baba. Wane sashe?"

Ya miƙo kati da hannu biyu. Labarin ƙasa, digiri na biyu, ya ce bayani yake nema a kan yanayi. Na zaro faifan duwatsu na sa masa, na buga masa kalmomin sauyin yanayi da Turanci, allo ya cika. Ya zauna a bakin kujera yana taɓa madannan da yatsa ɗaya, kamar mai gwada zafin tukunya.

Tica kowa ke ce masa. Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Sabon Gari. Iyayensa daga kudu suka zo aikin jirgin ƙasa, shi a nan aka haife shi, a nan ya binne su, Hausa kuwa kamar jakin Kano. Talata da Alhamis yake zuwa, in an tashi makaranta, a kan wani tsohon babur da ake jin ƙararsa tun daga bakin get.

A zuwansa na uku aka ɗauke wuta, muka zauna jiran a ta da janareta, shi ne ya ba ni labarinsa. Shekara bakwai ke nan yana kan wannan digiri. Da farko rashin lafiyar matarsa ta tsayar da shi, sai yajin aiki, sai karatun yara. Yanzu an ba shi takarda: in bai miƙa kundinsa kafin ƙarshen wannan shekarar karatu ba, za a cire sunansa, kuma babu sauran ƙarin lokaci. Bincikensa a kan saukar damina ne a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Ya ce manoma na kukan ruwa ya koyi yaudara: ya sauko kamar da gaske, a yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa, iri ya ƙone a ƙasa, a sake saye a sake shukawa. Ya yi shekaru yana bin su ranar Asabar a kan babur ɗin nan yana rubuta abin da suka ce. Duk wannan ya haɗa. Abin da ya rage masa babi na biyu, inda ake kawo abin da masana suka riga suka rubuta a kan batun.

Wallahi na ji shi. Da kunnena na ji ya ce manoma, ya ce shuka, ya ce iri. Amma ta nan ta shiga ta can ta fita, domin hankalina na kan agogo da mutanen da ke leƙowa ta taga. Da wuta ta dawo, na sake sa masa faifan duwatsu.

Haka muka yi ta yi. Ya zo, in karɓi kati, in sa faifai, ya kwafi abin da ya gani a wani dogon littafi mai baƙin bango, domin ba kullum firinta ke da tawada ba. Mutum ne mai ladabin da har yakan ba ni haushi. In rabin awarsa ta cika, kafin in yi magana ya miƙe. Wata rana ya kawo mini lemon zaƙi a leda, wai daga bishiyar gidansu.

Sau ɗaya tak ya yi ƙorafi. Ya juyo a hankali ya ce, "'Yata, babu wani abu na nan kusa da mu? Ni fa ƙanƙara nake ta gani, wadda ban taɓa ganin irinta ba sai a firij. Sai kuma yadda tafkin Chadi yake kafin a haifi kakannin kakanninmu."

Ranar akwai zafi, ga wata ɗaliba ta ɓata mini rai tun safe. Na ce, "Baba, abin da ke ciki ke nan. Su Turawa ina ruwansu da damunar Zariya?"

Samarin da ke layi suka yi dariya, ni ma na ji daɗin maganata. Shi bai yi dariya ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne fa. Wa zai damu da mu?" Ya koma ya ci gaba da kwafar labarin ƙanƙara.

Ashe ya ɗauki maganar nan tawa da muhimmanci. Ni ce mai makulli, ni ce na san kwamfuta, in na ce babu, to babu. Ya je ya rubuta babi guda a kan narkewar ƙanƙara da hawan teku da yanayin zamanin da, ya rufe da cewa babu wani bincike da aka yi a kan saukar damina a wannan yanki. Ya kai wa malamin da ke duba aikinsa. Malamin yana da ɗalibai kamar me, ga tafiye-tafiye, babin ya kwanta a teburinsa fiye da wata biyu. Tica bai fasa zuwa ba, yana ƙara tara abin da yake zaton zai ƙarfafa babin.

Ranar da idona ya buɗe, an yi ruwan farko da asuba, garin ya yi sanyi. Wata yarinya 'yar sashen noma tana buga sakamakon bincikenta, firinta ta cinye takarda. Na buɗe, na zaro, ina miƙar da takardun a kan cinyata, sai idona ya faɗa kan rubutun. Yadda ake gane ranar da damina ta sauka da gaske. Ɗaukewar ruwa bayan shuka a yankin sabana. Lokacin shukar gero da dawa a arewacin Nijeriya. Jeri guda, shafi bayan shafi. Wasu ma a gonakin gwaji na nan Samaru aka yi su, inda nake wucewa kowace safiya.

Na ce, "Ke, a ina kika samo waɗannan?"

Ta dube ni kamar na zautu. "Anti, ba ke kika sa mini faifan ba?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da aka tafi sallar azahar na kulle ƙofa, na zauna na buga kalmomin Tica a faifan noma. Allon ya cika ya batse. Na cire na sa na injiniya: ruwan sama da koguna da madatsun ruwa. Na sa na likitanci: zafi da sanƙarau, damina da zazzaɓi. Duk faifan da na ɗauko akwai rabon mai binciken yanayi a ciki, wanda ya fi kowanne ƙarancin abin da Tica ke nema shi ne wanda na yi wata bakwai ina sa masa. Na ƙirga da yatsuna, wata bakwai cif.

Na sami Oga a ofishinsa, ko zama ban yi ba. Na ce wa ya ce a riƙa ba 'yan labarin ƙasa faifan duwatsu? Ya ce shi ma haka ya tarar. Na ce to mun kashe mutum. Na zuba masa a tebur 'yan takardun da na bugo, ina ta ɗaga murya, har sai da ya ce, "Ke, sassauta, ofis ne nan." Ya duba, ya duba, ya cire hula ya sosa kai.

"Ai ba wanda ya taɓa kawo kuka," in ji shi.

"Wa zai yi kukan abin da bai san yana nan ba?"

Ya mai da hularsa. Ba mugu ba ne, tsari ya yi don layi ya riƙa tafiya, kuma layin yana tafiya. Da zan fita ya ce in buga wa dattijon duk abin da na samu, shi zai nemo tawada.

Matsalar ita ce mako biyu ke nan Tica bai zo ba, ni kuma ban san gidansa ba, waya kuwa ba shi da ita. Ranar Asabar na shiga bas, muka bi ta Kwangila, na sauka Sabon Gari da takardu a cikin leda saboda hadari. Na fara tambaya daga wajen makarantarsu. Wani tela ya nuna mini layi, wata mai sayar da garin rogo ta amsa mini da broka tana nuni da ludayi, da ƙyar na tsinci rabin maganar. Amma kowa ya san shi, rabin layin shi ya koyar da su.

Na same shi a baranda da singileti, yana duba takardun jarrabawar ɗalibai. Da ya gan ni ya miƙe a rikice yana neman riga. Matarsa ta fito, wata gajeriyar mata mai kaifin ido, na durƙusa na gaishe ta, ta kawo mini ruwa. A gefen tebur na hango babin nan, jan biro ya yi masa kaca-kaca. A shafin ƙarshe malamin ya ja layi biyu ƙarƙashin inda aka ce babu bincike, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan ba gaskiya ba ne, a je a nemo.

"Shi ya sa ba ki gan ni ba," in ji Tica. "Ya ce in nemo. A ina zan nemo abin da babu?"

Na miƙa masa ledar. Ya sa tabarau ya fara karantawa yana bin layi da yatsa. Shafi na ɗaya, na biyu. A na uku ya tsaya, ya ɗago, wallahi fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla.

"Mama, zo ki gani," ya ce da matarsa. "Abin da manoman nan ke gaya mini, ga shi an rubuta. Ashe ba ni kaɗai ba ne!"

Sai da murnar ta lafa sannan ya juyo gare ni.

"A ina kika samo?"

"A faifan noma, Baba."

"Sabo aka kawo?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ƙarya tana bakina, kuma da na yi ta da ya yarda. Na ce, "A'a. Yana cikin durowar tun kafin ka fara zuwa. Kusa da wanda nake sa maka."

Matar ce ta fara ganewa. Ta ajiye tiren da ke hannunta da ƙarfi. "Wato duk wahalar nan, rana da ruwa a kan babur, abin yana gefen hannunki?"

"Mama," in ji shi.

"A'a, bar ni in tambaye ta. 'Yar nan, kin san shekara nawa mutumin nan ya yi yana..."

"Mama, baƙuwa ce. Kuma da ƙafarta ta zo."

Ta yi ƙwafa ta shige ciki. Ban ga laifinta ba, ko marina ta yi ba zan ɗaga kai ba. Tica ya ɗauko kalanda daga bango, muka ƙirga tare. Mako biyar ya rage.

Abin da muka yi a mako biyar ɗin nan, ban taɓa aiki irinsa ba. Ya roƙi shugaban makarantarsu aka rage masa darussa, ya koma zuwa kullum. Na ba shi lokacin hutuna, Oga ya kau da kai daga maganar rabin awa. Muka bi faifan noma, muka bi na injiniya, ya zaɓi waɗanda suka fi kusa da aikinsa. Wani abin takaicin, yawancin mujallun da faifan ke nunawa suna saman bene, a ɗaure cikin bango mai kauri, ba wanda ya taɓa su shekara da shekaru. Ni nake hawa in sauko da su a ka, kamar mai tallan doya, in kai wajen masu fotokofi. A kwanakin nan ne na daina tambayar mutane sashensu. Sai in ce me kake nema, a wace ƙasa, na wane zamani, sannan in zaro faifai biyu ko uku. Layi ya ƙara tsawo, ana ta tsaki a baranda, ban kula ba.

Tica ya rame, amma ban taɓa ganinsa da walwala irin ta lokacin ba. Yakan kira ni, "'Yata, zo ki ji wannan," ya karanto mini wani abu a kan gero, ya buga tebur. A mako na uku ya kai sabon babi, malamin ya karanta a kwana biyu, ya ce yanzu aka yi magana.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Cikin karatun nan Tica ya gano cewa masana suna da hanyar da suke bi su tsayar da ranar saukar damina, ta amfani da awon ruwan kowace rana na shekaru masu yawa. Shi maganar manoma kawai ya tara. Malamin ya ce maganar manoman zinariya ce, amma dole a ɗora ta a kan awon, in ba haka ba mai jarrabawa daga waje zai yi watsi da kundin. Wato babi na uku da na huɗu sai an sake su. Dole a rubuta takardar neman awon daga tashar da ke ajiye shi, a jira, a kwafa da hannu, a yi lissafi. Aikin wata uku ne ga mai sauri. Da a watan farko ya ga maƙalun nan, da tuni ya gama har ya huta.

Bai karaya ba. Ya sami awon ana saura kwana tara, ya kwafi abin da ya iya. Malamin ya rubuta takardar roƙon a ƙara masa ko da zango ɗaya. Ni kuma na yi abin da na iya, na rubuta da hannuna cewa kuskuren daga ɗakinmu ne, na kai wa Oga. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya sa hannu a ƙarƙashin nawa, aka haɗa da ta malamin. Na yi addu'a, na sa mahaifiyata ma ta yi, har tana tambayata wai wannan wane ne nawa.

Bayan kamar wata guda, na fito zan tafi gida da la'asar, sai na gan shi zaune kan baburinsa a ƙarƙashin dalbejiyar da ke gaban laburare. Bai shiga ba, jira yake in fito. Tun daga yadda ya ajiye hannuwansa a kan tanki na gane.

"Manyan jami'a sun zauna jiya," in ji shi. "Sun ce an riga an ƙara mini iyakar abin da doka ta yarda. Na ce bari in zo in gaya miki da bakina, kada ki gani a allon sanarwa."

Na tsaya riƙe da jaka, hawaye suka zubo, ban ko share ba. Na ce, "Baba, laifina ne. Ka gaya mini manoma, ka gaya mini shuka, na ji ka. Ka yafe mini don Allah."

"Haba 'yata, na yafe tun ranar da kika zo gidana. Ba ke kika manna takardun nan ba. Ni ma babba da ni, malamin makaranta, aka ce mini babu na ce to." Ya yi ɗan murmushi. "Kuma kin ga yanzu ina da abin koya wa yarana. Da ƙanƙara nake koya musu."

Ya taka babur, bai tashi ba. Ya sake takawa, ya ƙi. Sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon ƙofar laburaren, murmushin ya tafi. Ba da ni yake ba, kuma ba da faɗa ya faɗa ba.

"Amma wata bakwai," ya ce. "Da ko ɗaya aka bar mini a ciki, ko biyu."

A taku na uku babur ɗin ya tashi. Ya ce in gaida mutanen gida, ya bi hanyar get, ni kuma na tsaya a wurin har aka kira magariba.